Saƙon da Ya Dawo wa Yaya

Yayana ne ya buɗe shagon tabarau da ke kusurwar layinmu, tun ina da haƙorana duka. Ni karatuna bai yi nisa ba, don haka aikina a shagon bai wuce goge gilasai da ɗaure ƙananan kusoshi ba, kuma ko shi ɗin sai an yi ta kirana, saboda nakan ɗauki tsohon gilashi in tsuguna a bakin ƙofa ina kallon yadda tururuwa ke gaisawa.

Da ƙafafu suka ƙi Yaya, 'yarsa ta karɓi shagon. Sunan mahaifiyarmu gare ta, shi ya sa ni da shi muke ce mata Uwata. Ta sake fenti, ta kawo sabuwar na'urar auna ido, ta ɗauke kujerarsa mai ƙara. Abu ɗaya ya rage a hannunsa, adireshin imel na shagon. Kowace safiya yakan zauna a ɗakinsa a gida gaban wata tsohuwar kwamfuta mai huci kamar tsohuwar tunkiya, ya rubuta wa tsofaffin masu ciniki. Ya tuna wa wannan lokacin sake auna ido ya yi, ya tambayi wancan ko jikansa ya daina zama a kan tabarau. Suna amsa masa, shi kuwa ya wuni yana maimaita mini amsoshin.

Wata rana wani tsohon direba ya shigo shagon yana kaɗa waya a iska. Ya ce saƙo ya zo masa da sunan shago, wai ya danna nan ya ga sakamakon awon idonsa. Ya danna, sai wayar ta haukace, ta riƙa aika wa surukansa da limaminsu wasu abubuwan da ba za su faɗu ba. Kafin mako ya fita an samu wasu masu irin wannan kuka. Wata mata ma ta ce ta bar mu har abada.

Uwata ta duba kwamfutar shago ba ta ga komai ba. Sai hankalinta ya koma ɗakin babanta. Ina nan ta shigo, ta durƙusa, ta yi ta kewaye-kewaye, wai ko ya taɓa wani abu bai sani ba, wai mutum idan ya manyanta hannu kan riga ido.

"Baba, da ka ɗan huta da rubutun nan," in ji ta.

"Faɗi abin da ke bakinki, Uwata. Kaina ne kike ganin ya fara tafiya?"

Ta rantse ba haka take nufi ba. Shi kuwa ya miƙa hannu ya ja tawul ya lulluɓe kwamfutar, ya juya fuska wajen taga.

Saƙonnin ƙarya ba su tsaya ba. Sai Uwata ta kira wata injiniya, mace mai dariya da ƙarfi da jaka kamar ta ungozoma. Ta karɓi wayar direban, ta buɗe wani rubutu mai tsawo da ke ɓoye a bayan saƙon, ta bi shi da farce. Ta ce wannan sawun tafiyarsa ne, kuma bai fito daga garinmu ba ma, daga wata ƙasa mai nisa ya taso. Na tambaye ta yadda aka yi mutumin can ya sami sunanmu. Ta ce: "Baffa, sunan mai aikawa ai kamar rubutun bayan ambulan ne. Kowa ya ga dama ya rubuta naka."

Abin ya tsaya mini a rai. Na wuni ina tunanin wani bawan Allah a ɗaki mai sanyi, bai taɓa ganin Yaya ba, amma kullum sai ya sa fuskarsa ya fita yawo.

Injiniya ta ce akwai magani. Akwai wani wuri a intanet, kamar allon sanarwa, da duk kamfanonin da ke karɓar saƙo suke leƙawa kafin su miƙa wa mutum. A can za ta rubuta waɗanda shago ya yarda su ɗauki saƙonsa. Za ta kuma sa wa saƙonninmu wani hatimi da ido ba ya gani, sannan ta bar umarni: duk wanda ya zo da sunanmu, ba ya cikin waɗanda aka ambata kuma ba hatimi, a mai da shi inda ya fito. Amma ta ce ba a rufe ƙofa da garaje. Za a fara zuba ido na 'yan makonni, rahoto zai riƙa zuwa yana nuna duk mai aikawa da sunan shagon, don kada a rufe da na gida a waje.

Uwata ba ta ambaci babanta ba. Kunya ta hana ta gaya wa baƙuwa cewa shi ta fara zargi, kuma ta ɗauka tunda rahoto na nuna kowa, ai zai nuna shi. Haƙurin ma ba ta iya zuwa ta ba shi ba, ni ta aika. Na je na gaya masa an wanke shi tas. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ita ma ƙafafun nata sun ƙi ne? Tawul ɗin dai bai motsa ba.

Haka makonnin suka wuce. Ita tana jiran ya huce, shi yana jiran ta zo, ni kuma ina kai da kawowa kamar allura. Da yake bai aika ko kalma ɗaya ba, rahoton bai san da shi ba. Kwamfutar shago ta fito, ɓarayin suna suka fito birjik daga wurare daban-daban, shi ke nan. Injiniya ta rufe ƙofa. Saƙonnin ƙarya suka ɗauke ɗif kamar an kashe famfo. Direba ya dawo har da kawo matarsa awo.

Ana nan sai Yaya ya ji an yi wa wata tsohuwar tela aikin ido, matar da shi ya fara sa mata tabarau tun tana amarya. Wannan kam ya fi ƙarfin fushinsa. Da hantsi ya yaye tawul, ya rubuta mata jaje da gargaɗin kada ta taɓa allurar ɗinki sai likita ya ce. Ya aika. Ko shayinsa bai kurɓa ba saƙon ya dawo, da wani ɗan rubutu na Turanci a samansa. Ya karanta, ya sake karantawa, sannan ya fassara mini: wai mai wannan saƙo ba shi da izinin amfani da wannan suna.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi: "Ta cire ni." Ya ce in nemi mai sayen tsofaffin kaya ya zo ya ɗauke kwamfutar, kuma in gaya mata ta kyauta, gara da ta sa injin ya faɗa masa.

Na tarar da Uwata tana gwada wa wani mai ciniki firam ɗin tabarau. Da na gaya mata, ta ajiye firam ɗin. Ta kira injiniya nan take. Ina jin muryar matar ta cikin waya tana salati, tana cewa me ya sa ba a gaya mata akwai wani mai aikawa daga gida ba, ƙofar nan ba ta san uba ba, wanda aka rubuta kawai ta sani. Ta ce gyaran ba wuya, daga ofishinta ma za ta yi, amma sai ta san ta wane kamfani saƙonsa ke fita. Uwata ba ta sani ba. Balle ni. Shi ya haɗa abinsa da kansa tun shekarun baya.

Ta sallami mai firam, ta ja ƙofar shago da rana tsaka, abin da ban taɓa gani ba. Muka tafi tana gaba ina baya.

A ƙasa ta zauna, kusa da ƙafafunsa. Ta gaya masa komai yadda ya faru, ba kewaye wannan karon: ta zarge shi a kan abin da bai yi ba, ta ji kunyar faɗa, shirunsa ya haɗu da nata aka rufe da shi a waje. Ta ajiye wayar a gwiwarsa, injiniya na jira a kan layi.

Ya bar mu muna jira har na fara jin hucin kwamfutar a cikin kaina. Can ya ɗauki wayar, ya gaida injiniya, ya tambaye ta ko tana sa tabarau, sannan ya faɗi sunan kamfanin. Ta yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashenta, ta ce a ba gyaran ɗan lokaci ya zagaya, sai a gwada. Uwata ta tashi ta sake masa shayi.

Da lokaci ya yi ya jawo kwamfutar, ya rubuta wani abu gajere, ya aika. Wayar Uwata ta yi ƙara a hannunta. Ta karanta, ta goge ido da bayan hannu. Ban ga abin da ya rubuta ba, ban kuma tambaya ba.

"Ya iso, Baba."

"Da sunan wa?"

"Da sunan shago."

"To tashi ki je ki buɗe shi," in ji shi. "Ni ina da mara lafiya da zan rubuta wa."