Taku Ashirin da Huɗu

"Ashirin da uku, ashirin da huɗu!" Malam Aruna ya tsaya, ya ja layi da dunduniya. Duk ranar da aka ci kasuwa a Bawku shanu sukan tattake filin, don haka kafin atisaye sai ya sake auna tazarar mai jifa da mai duka da ƙafarsa. Shekara tara ke nan yana haka, tun da ya kafa ƙungiyar besbol ta samarin zango.

Yau kam ransa a ɓace yake. Wasa huɗu a jere an lallasa su a waje. A Yendi ma abin ya zama abin dariya: jifar Nazif, babban mai jifarsu, faɗuwa take tun kafin ta isa, masu duka kuwa sai su kai wa iska sanda, ƙwallo ta iso daga baya. Amma a gida, wallahi kamar aljanu! Aruna ya riga ya yanke hukunci: tsoron baƙin fili ke damun Nazif, ba za a je wasan Salaga da shi ba.

"Koci, na rantse ba tsoro ba ne," in ji Nazif. "Nama ma na daina ci, ko jikina zai yi sauƙi."

"Mahauci ya daina cin nama? To ka ga matsalar!"

Taslima, matar Aruna, tela ce. Ta kawo rigunan wasa da ta gyara, tef rataye a wuyanta. Ta dubi layin, ta dubi mijinta.

"Malam, tazarar nan ƙafa nawa ce a ƙa'ida?"

"Sittin da rabi. Ina ruwan mai keke da besbol?"

Ta sa Nazif ya riƙe bakin tef, suka bi ƙasa suna aunawa, samari na ƙirga da ƙarfi. Tsawon tef ɗin ƙafa biyar ne, don haka tef sha biyu ya kamata a samu. A na goma da ɗan ɗoriya suka iske layin.

"Tef ɗinki ya miƙe!" in ji Aruna.

"Takunka ne ya ragu, Malam." Ta rage murya. "Tun ciwon gwiwar nan naka nake jan ƙafa in muna tafiya, don kada in wuce ka a gaban mutane."

Ashe wata uku yaran na koyo a gajeren fili, su je waje su tarar da cikakke. Kunya ta kama Aruna, har da ɗan baƙin ciki, don bai san tsufa ya zo ba. Sai kuma dariya ta ƙwace masa.

"Nazif, koma ka ci namanka. Kai za ka fara jifa a Salaga. Ja da baya taku huɗu."

Nazif ya goge ido da bayan hannu. "Koci, taku irin na wa?"

Aruna ya dubi ƙafafunsa. Sannan ya nuna matarsa da haɓa.

"Tambayi Hajiya. Daga yau ita ke awo."