Garkar da Ba Ta da Mai Ita

Duk Hamdara an san Sallau da abu biyu, garkarsa da rashin yarda. Garkar tana can cikin kwari gabas da gari: dabino goma sha ɗaya, lemun tsami, kwamin albasa da barkono, da rijiyar da ubansa ya haƙa, wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Rashin yardar kuwa ba gadonsa ya yi ba, koya masa aka yi. Yana saurayi wani Bature ya zo garin, ya tambaya cikin fara'a wa ya iya haƙa rijiya. Sallau ya ɗaga hannu don a san shi gwani ne. Hannun nan ya ja masa wata goma sha huɗu yana fasa dutse a hanyar gabas, aikin tilas, ya dawo da tari da yatsa tara. Tun daga ran nan ya ƙudurta cewa in Nasara ya yi tambaya, wuyan da zai sa wa igiya yake nema. Yanzu ya haura hamsin, kuma bai taɓa ganin dalilin sake shawara ba.

Bayan kakar 1957 sai ga gardi, ɗan sandan gwamnati, a kan doki da takarda wurin mai gari. Wai za a yi babbar hanyar mota da ta jirgin ƙasa gefe da gefe, ta taso daga wajen iyakar Kano, ta ratsa Damagaram ta nufi gabas. Wai kuma gwamnati na son jin ta bakin talakawa kafin a kafa turke ko ɗaya. Wannan wai ɗin na biyu shi ya fi damun mutane. Yaushe aka fara tambayar talaka inda hanya za ta bi?

Ana gobe taron jin ta bakin jama'a Ari ya iso. Ari ɗan Barebarin Birni ne, tsohuwar unguwar Damagaram, a gidan uban Ari ne Sallau yake sauka duk lokacin da ya kai albasa kasuwar Damagaram. Ari ya yi lakol, wato makarantar boko, yanzu shi ne tafinta a biro, ofishin kumandan, Baturen mulki. Ko ruwa bai tsaya sha a gidan mai gari ba, ya gangara kwari, ya tarar da Sallau yana ban ruwa. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, sannan ya rage murya.

"Baba Sallau, gobe za a shimfiɗa taswira. Duk inda aka ce da mai shi, injiniya zai kauce masa in da hali. Inda aka yi shiru, doka ta ce daji ne, ba na kowa ba. Garkar nan tana dab da layin. In an tambaya, ka tashi ka ce taka ce."

"In na ce tawa ce, sai a rubuta?"

"Sai a rubuta."

"Da sunana?"

"Da sunanka, Baba. Amfanin abin ke nan."

Sallau ya yi godiya, ya tsinko masa lemu cikin hula, ya raka shi har bakin shinge. Amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Me ya sa tafinta zai riga Baturensa zuwa da kwana guda, ya wuce kowa ya zo wurinsa shi kaɗai? Wa ya aiko shi? Yaron kirki ne, babu shakka, amma yaron kirkin da yake cin tuwon gwamnati. An ce an soke aikin tilas shekara goma sha ɗaya da suka wuce. An soke a takarda, takardar kuma a aljihun Nasara take. Ya koma bakin rijiya ya ci gaba da jan guga ransa a jagule.

Bayan la'asar dattawa suka zauna a ƙofar masallaci. Gambo ne ya fi kowa magana, tsohon sojan da ya yi yaƙi a Faransa, yana jin Faransanci, kuma ba ya bari a manta da hakan. Ya ce shi ya ga hanyar jirgi da idonsa, ba aikin mutum ɗari ba ne, ba na dubu ba ne. Ina za su samo hannayen? A cikin sunayen da za a rubuta gobe mana. Mai gona ba ya gudu, don haka mai gona za a fara kamawa. Aka watse a kan magana ɗaya: gobe babu mai gona a Hamdara, babu mai rijiya, babu wanda ya san komai.

Da Sallau ya gaya wa matarsa Rakiya, ba ta ji daɗi ba. Ta ce Ari tun yana rarrafe ta san shi, me zai ci da cutar mutumin da ubansa yake kira ɗan'uwa? Sallau ya ce ba ita ta fasa dutse ba. Ta ci gaba da tankaɗe.

Da hantsi aka taru a ƙarƙashin tsamiyar ƙofar mai gari, har da mutanen Zermu da suka zo a kan jakuna. Injiniyan saurayi ne, rana ta gasa shi ya yi jajir. Ya cire hularsa, ya ce sannunku da gurɓatacciyar Hausa, ya yi murmushi. Sallau ya kau da kai, don wancan Baturen na farko ma haka ya yi. Aka shimfiɗa taswira a kan tabarma, aka danne kusurwoyinta da duwatsu, akawu ya zauna a gefe da alƙalami.

Injiniya ya tambayi inda ruwa yake bi da damina. Shiru. Ya tambayi hanyar da shanu suke bi zuwa mashaya. Wani ya yi tari, shi ke nan. Ya tambayi inda maƙabarta take. Wannan kam liman ya amsa nan take, tunda matattu sun fi ƙarfin a kai su fasa dutse. Baturen ya ji daɗi har ya yi masa godiya, ya zagaye wurin da fensir.

Da aka zo kan gonaki sai aka ji muryar mace daga baya. Zuliha ce, mai daddawa, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Ba a gayyace ta zaman masallaci ba, kuma ko an gayyace ta ba lalle ta ji ba. Ta ce gonar da ke arewa da kwari tata ce, ita mijinta ya bar musu, daga ita suke ci. A rubuta, in ji ta, in kama ta za a yi a zo a kama, ta ga wanda zai riƙe marayun. Maza suka yi ta gunaguni, akawu ya rubuta.

Sannan injiniya ya ɗora yatsa a kan wani ɗan koren ɗigo kudu da gonar Zuliha. Ari ya fassara a hankali, yana duban Sallau: garkar da ke cikin kwari, mai rijiya da dabino, ta wa ce? Babu wanda ya motsa. Aka sake tambaya. A ta uku Ari ya kira sunansa kai tsaye, ya ce Baba Sallau, kai ne kusa da wurin, me ka sani?

Sallau ya dubi ƙasa ya ce ta Allah ce, kowa yana ɗiban ruwa.

Ari ya juya ya yi wa Baturen magana da Faransanci, magana mai tsawo, wadda ta fi abin da aka faɗa nesa ba kusa ba. Baturen ya gyaɗa kai, akawu ya tsoma alƙalami a tawada. Sai Gambo ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sallau, ce masa ya yi taka ce. Sunanka ake rubutawa yanzu."

Tsoro da fushi suka taso wa Sallau lokaci guda. Ashe abin da ya yi zato gaskiya ne, ashe lemun da ya ba yaron nan jiya maci amana ya ba. Ya miƙe tsaye.

"Ga liman, ga mai gari. Wallahi tallahi garkar nan ba tawa ba ce. Ban gada ba, ban saya ba, ban san mai ita ba."

Ari ya tsaya yana kallonsa kamar wanda aka mara. Baturen ya tambayi abin da dattijon ya ce, kuma wannan karon, ga Gambo ya kasa kunne, babu yadda Ari zai yi sai ya faɗi gaskiya. Akawu ya soke abin da ya fara rubutawa. Da aka tashi mutane suka yi ta yi wa Sallau barka, ya koma gida yana jin ya tsallake rijiya da baya.

Daga nan aka zuba ido a ga ranar da gardi zai zo ya tafi da Zuliha. Wata ɗaya, wata biyu, tana nan tana tallan daddawarta. A wata na uku masu awon ƙasa suka zo da sarƙa da turaku masu jan kai. Layin ya taho sambal daga yamma, ya zagaye maƙabarta, da ya iso gonar Zuliha ya karkata kudu ya bar ta, ya faɗa cikin kwari. Da safe Sallau ya zo ban ruwa ya tarar da turke a tsakiyar kwamin albasa, wani kuma taku uku daga bakin rijiya.

Kwana biyu ya yi yana jayayya da zuciyarsa, a na uku ya hau jaki ya tafi Damagaram. Ya bi lungunan Birni masu yashi har gidan uban Ari, kunya kamar ta kashe shi. Ari ya karɓe shi da ladabi, bai tayar da maganar taro ba. Ya ce da sauran dama: kafin wata ya ƙare, in mai wuri ya zo biro da shaidu biyu waɗanda ba iyalinsa ba, suka dangwala yatsa cewa wurin nasa ne, za a sake duba layin.

Shaidu biyu a garin da kowa ya sha ruwan rijiyarsa. Sallau ya dawo yana ganin aikin yini guda ne.

Ya fara da Gambo. Gambo ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce shi da kunnensa ya ji shi ya rantse, yanzu kuma ya je gaban Nasara ya ƙaryata shi? Ya je wurin liman. Liman ya ce maganar rantsuwa tsakaninsa da Allah ce, ya tuba, ƙofar tuba a buɗe take, amma dangwala yatsa kam a yi masa afuwa. Maƙwabcinsa na shinge ya ce zai yi shawara, daga nan duk lokacin da aka yi sallama sai a ce ya tafi Zermu. Gida bakwai Sallau ya shiga. A na bakwai ne, yana tsaye a zaure, ya ji matar gidan tana ce wa mijinta kada ya fita, tunda mutumin nan ya je Damagaram ya dawo yana neman yatsun mutane, ai an saye shi ne.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Amma da ya juya zancen a ransa a hanyar gida, ya san da shi ne a cikin ɗakin, da shi ma ba zai fito ba.

Zuliha ce kaɗai ta same shi har garka, ba tare da ya roƙe ta ba. Ta ce ta ji yana neman shaida, ga ta, yatsanta ya riga ya saba. Suka tafi biro tare. Akawu ya duba ya ce mutum ɗaya bai isa ba, Ari ya roƙa aka ƙara musu mako guda, makon ya wuce ba a samu na biyu ba.

Aka fara aiki a ranin 1959. Ba a kama kowa ba. Lada ake biya duk ƙarshen mako, samarin Hamdara har da ɗan Gambo suka yi ta rububin shiga. A yini biyu aka sare dabinon, aka cike rijiyar da duwatsu da jar ƙasa. Shekarar da aka samu mulkin kai manyan motoci sun riga sun fara wucewa ta kan kwamin albasa. Filin da aka ware wa jirgi yana gefe, daga inda rijiyar take har bakin tsohon shinge, babu jirgi, babu kuma izinin shuka.

Sallau ya koma noman gero a wata 'yar gona da aka ara masa a tudu. Duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya ba shi labari: makirci ne aka ƙulla tun daga Damagaram, da Ari bai kira sunansa a gaban Bature ba, da ba a ma lura da garkar ba. Ya faɗa ya sake faɗa har ya kusa yarda. Wata rana da azahar Rakiya ta dawo daga rijiyar gari da tulu a ka, ga nisa ga rana, ta tarar yana ba wani baƙo labarin a ƙofar gida. Ta jira baƙon ya tafi, ta sauke tulun.

"Malam, Ari sau uku ya tambaya. Ba shi ya rantse ba, kai ka rantse."

Ta zuba masa ruwan alwala a buta, ba ta cika ta ba, don ruwan sai ya kai su gobe.