Duron da Sarewa Ya Yi Kyauta

"Ɗaga kanka," in ji likitar, ta kunna 'yar tocila ta haska masa cikin hanci.

Sarewa ya ɗaga kai yana kallon silin, ƙafarsa ɗaya sai rawa take yi a ƙasa. Shi fa ba shi ne marar lafiyar ba. Matarsa ya rako, saboda wani ɗan gyambo da ya fito mata a gindin yatsa, zagayayye kamar an huda da ƙusa, wata uku ke nan ya ƙi warkewa. Izinin awa biyu kacal ya ɗauko daga wurin aiki. Amma likitar tana ganin hannun sai ta tambayi sana'ar miji, ta sa aka tafi da matar ɗakin wankin ciwo, shi kuma ta ce ya zauna.

"Ka san tsakiyar hancinka ta huje?"

"Haba likita, wa zai riga ni sani?" Ya yi dariya. "Ai shi ya sa ake ce min Sarewa. In na yi sauri ko na hau bene sai ki ji yana busa. A wurinmu duk wanda bai huje ba har yanzu ɗan koyo ne."

Ba ƙarya ya yi ba. Shekararsa goma sha tara a masana'antar da ake yi wa ƙarfe wankan kurom. Bambar mota, kan famfo, ƙafar kujera, duk a tsoma su a tanki mai ruwa kalar lemo su fito suna walƙiya. Tururin tankin ne ke cin hanci. Ranar da na mutum ya huje, abokan aiki sukan zura masa zare ta wannan ƙofar ya fito ta waccan, a yi ta ihu da tafi, daga ranar ya shiga sahun manya. Manyan nan kuwa su kaɗai ake bai wa duron sinadarin idan ya ƙare, ɗaya bayan ɗaya, wani sai ya yi shekara biyu yana jiran layinsa.

Likitar ko murmushi ba ta yi ba.

"Abin da ya ci hancinka guba ne, malam. Yana cin fata, yana taɓa ƙoda, idan ya daɗe yana shiga huhu har ciwon daji yana iya kawowa. Ba a ba ku takunkumi da safar hannu?"

"Akwai su. Ana fito da su ranar da za a yi baƙi."

"Wa ke wanke maka kayan aiki?"

"Ita mana."

"To ga ciwon hannunta nan. Ban da kayan, akwai abin da kake kaiwa gida daga can?"

Ya buɗe baki zai ce babu, sai ya tuna.

"Duro ɗaya ne," ya ce a hankali. "Na roba, shuɗi. Amma na wanke shi sau uku da hannuna. Ba ma a gidana yake ba, 'yata na bai wa da ta haihu. Unguwarsu famfo sai ya ga dama."

Likitar ta ajiye biro. "Ruwan sha take zubawa a ciki?"

"Da na wanka."

"Tun yaushe?"

"Wata bakwai."

"Kira ta yanzu. Irin wannan duron ba a zuba masa ruwa, ko sau nawa aka wanke. Kada a ƙara taɓa ruwan, kuma a kawo min ita da jaririn."

Ya kira tun yana tsaye a gaban tebur. Wayar a kashe. Ya sake kira a baranda, a kashe. Bai ko leƙa ɗakin wankin ciwon ba, wata ma'aikaciyar jinya ya tare ya ce ta gaya wa matarsa ta wuce gida in an gama, ya fice da takardar da likita ta rubuta masa a dunƙule a hannu.

Motar hayar da ya samu irin wadda ba ta tashi sai ta cika ce. Saura mutum biyu, kwandasta yana ta kira ba gaggawa, kamar wanda ya zo shan iska. Sarewa ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. Ya kira lambar karo na shida. Tsoro ne ya cika shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya zame a bakin tanki.

"Malam, ka zauna waje ɗaya mana, kana taka min kaya," in ji wata mata mai kwando.

"Yi haƙuri, baiwar Allah."

Lambar mijin 'yar tasa ce ta faɗo masa a rai, sai ya tuna ba shi da ita. Da gangan ya ƙi ajiyewa. Surukin nasa a kantin magani yake aiki, mutum ne mai wanke hannu kafin ya gaisa da bayan ya gaisa, shi ya sa Sarewa ya laƙaba masa Ɗan Tsafta. Ranar da ya kai duron, a ka ya ɗauko shi har hawa na uku, yana haki, hanci na busa, maƙwabta na leƙowa suna yaba kaurin robar. Sai Ɗan Tsafta ya buɗe murfi, ya sunsuna, ya goga yatsa a ciki ya duba.

"Baba, me aka zuba a ciki da?"

"Abin da ya ciyar da matarka har ta girma ka gani ka aura!" Haka Sarewa ya ba shi amsa a gaban mutane, kuma ya ji daɗin amsar ƙwarai. Sati guda yana maimaita ta a wurin aiki ana dariya.

Motar ta tashi, ta yi tafiyar minti goma, ta cije a bakin kasuwa. Wata tirela ce ta gitta tana sauke buhuna, an yi cirko-cirko, kowa na danna oda. Wayarsa ta yi ƙara, ya fizgo ta har tana neman faɗuwa. Shugaban sashensu ne.

"Sarewa, awa biyu ka ce fa. Bambobi sittin na jira, wa zai tsoma su?"

"Su jira."

"Me ka ce?"

Ya kashe wayar, ya tsallake kwandon matar nan ya dire. Ta cikin kasuwa ya ratsa, tsakanin masu robobi da masu gwanjo, yana ture mutane yana ba da haƙuri. Hancin ya fara busa, fiit, fiit, har wani mai kanti ya juyo yana neman inda ɗan sanda yake. Da wata rana ce da ya tsaya sun yi dariya tare. Yau jikansa kawai yake gani, yaron da ya fara fitar da haƙori, wanda ake dama wa madara da ruwan nan safe da yamma.

Ya haye benen gidan 'yarsa bibbiyu, ya tura ƙofar ba sallama. 'Yar tasa na durƙushe a tsakar ɗaki, jaririn na zaune a baho yana dukan ruwa. Sarewa ya sunkuce shi jiƙe sharkaf ya rungume a ƙirji.

"Baba! Lafiya? Wani abu ya sami Umma?"

"Ina wayarki?"

"Ba caji, tun jiya ba wuta. Baba, ka ba ni tsoro, mene ne?"

"Ruwan nan daga ina kika ɗebo?"

Ta nuna kusurwa. Fararen bokitai huɗu ne a jere, kowanne da murfinsa. Ya duba bayan ƙofa, ya leƙa kicin, ya leƙa banɗaki, yaron na tsiyaya a jikin rigarsa.

"Ina duron da na kawo miki?"

Ta sunkuyar da kai, ta shiga murza bakin zane.

"Magana nake miki, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Baba, don Allah kada ranka ya ɓaci. Ko sau ɗaya ba mu zuba ruwa a ciki ba. Maigidana ne ya hana. Ya ce ya ga rawaya-rawaya a gindin, ya ce ko za ka tsine masa ba zai bari ya kwana a gidan nan ba. Har faɗa muka yi, wallahi, kwana biyu ban yi masa magana ba."

Sarewa ya zauna a hannun kujera, ya kifa fuska a kan jaririn, yana dariya hawaye na zuba. Ya juya hannayen yaron, ya duba tsakanin yatsu, ya duba wuya. Fata sumul.

"Allah ya yi masa albarka," ya ce. "Allah ya yi wa Ɗan Tsafta albarka. Ya kyauta da ya jefar."

"Ai ba a jefar ba."

Ya ɗago.

"Umma ce ta zo washegari ta tarar za a fitar da shi. Ta ce shekara biyu ka yi kana jiran duron nan, a ka ka hawo da shi, ba za ta bari a ajiye shi a bola ka zo ka gani ba. Ta sa aka kai mata gida kana wurin aiki. Ta ɗinka masa riga da buhu don kada ka gane."

Sarewa da bai san inda ake ajiye ludayi a gidansa ba, me zai kai shi kicin? Amma ya san abin nan mai rigar buhu a bayan ƙofa, yana hango shi kullum in zai wuce. Matarsa kan yayyafa wa buhun ruwa don ya yi sanyi. Ko da safen nan sai da ya shanye kofi biyu, ya ce mata duk unguwar ba mai ruwa mai sanyin nata.

Ya kunna wayar, ya kira matarsa. Ta ɗauka a ƙara ta huɗu.

"Kai kuma sai ka tafi ka bar ni a asibiti kamar kayan aro?" in ji matar. "Yanzu na shigo. Tsaya in haɗiye maganin nan, ruwa na hannuna."

"Ajiye kofin."

"Me?"

"Ki ajiye kofin nan, don girman Allah! Kada ki sha!"

Ya ji ƙarar kofi a kan tire.

"Ta faɗa maka ke nan," ta ce a sanyaye. "Kada ka yi wa yarinyar faɗa, ni na hana ta. Kyautarka ce, ban so ta wulaƙanta ba."

Ya so ya yi magana, numfashi ya ƙi ba shi dama. Sai hancin ne ke ta busa, jaririn kuwa ya ɗago yana ƙyalƙyala dariya, yana miƙa hannu zai kama inda sautin ke fitowa.

"Zauna a falo, kada ki shiga kicin," ya samu ya ce. "Ga ni nan. Asibiti za mu koma, ni da ke."

Ya miƙa wa 'yarsa yaron, ya nufi ƙofa. Har ya kama mariƙi sai ya juyo, ya miƙa mata wayar.

"Sa min lambar mijinki."