Wanda Ruwa Bai Ci Ba

Gida na huɗu ke nan da Zayyanu ya yi sallama a Argungu tun saukarsa daga motar Birnin Kebbi da hantsi. Ko'ina amsar ɗaya ce: masu suna Hodi da yawa, wanne daga ciki?

Shi ma bai sani ba. Shekararsa hamsin da shida, bai taɓa ganin mahaifinsa ba. Soja ne, ya rasu a yaƙin basasa wata uku kafin a haife shi. Takardar da aka kawo wa mahaifiyarsa "Hodi Argungu" kawai ta ce. A bariki suka yi aure, har ta koma ga Allah ba ta san danginsa ba. Zayyanu ya tashi a Nasarawa gidan kawunsa, ya saba da sunkuyar da kai duk sa'ad da aka zo maganar asali. Yanzu kuma dangin mai neman 'yarsa Mubina sun aiko cikin ladabi, suna son sanin kakanninta.

Wani mai gyaran taru ne ya tura shi wurin wata tsohuwa, Riskuwa, wadda ta haura tamanin. Aka yi masa iso, ya tarar tana tsintar shinkafa. Ya gaishe ta, ya miƙa mata hoton sojan da mahaifiyarsa ta bar masa.

Ta kai shi dab da ido.

"Wanga Abdussamadu na, ƙanena. Hodi muka ce mai. Ina ka samo shi? Ai ruwa ya ci shi."

"Ba ruwa ba ne. Soja ya shiga. Ni ɗansa ne."

"Mi kac ce?"

Ya maimaita. Ta ture faifan gefe, ta daɗe tana kallonsa.

"Ni na aike shi Zauro wajen mijina, da damina, gulbi cike. Bayan kwana biyu aka tsinci jirginsa a kife. Shekara sittin ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe shi." Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. "Ja'iri! Ashe gudu ya yi. Dama Baba ya hana shi soja."

Zayyanu ya ji kamar an sauke masa buhun albasa daga ka. Ya zaro biro da takarda.

"Rubuta," in ji ta. "Abdussamadu ɗan Sunusi, ɗan Faruku masunci. Kabawa ne gaba da baya. Ka gaya wa masu tambaya su zo, ina nan da raina."

Ya rubuta, ya sake karantawa a hankali, ya ninke.

"Na gode, Inna."

Ta share ido da gefen zane, ta harare shi.

"Wace Inna? Goggo za ka ce."