Gwaggo da Sanduna Bakwai

A ƙaramin asibitin da take kula da kwamfutocinsa, kowa Injiniya yake ce mata. A bakin ƙofa akwai wata 'yar na'ura mai fitar wa marasa lafiya takardar lambar layi, sai dai lambar ƙarama ce kamar tururuwa, tsofaffi ba sa ganinta. Na'urar kuma ba ta san zane ba, haruffa kawai take bugawa. Shi ya sa ranar Asabar Injiniya ta zo da irinta gida, ta zauna a falo da hantsi tana rubuta wa kwamfuta umarnin gina manyan lambobi da karan tsaye da karan kwance, irin na fuskar agogon lantarki.

Gwaggonta, wadda ta yi shekara talatin tana buga tafireta a ofis kafin ta yi ritaya, ta zo musu kwana biyu. Ta tsaya a bayanta da kofin shayi, ta gyara tabarau.

"Ke 'yar nan, wannan tsani ne ko shinge?"

"Takwas ce, Gwaggo. Sanduna bakwai ne. In kika cire ta tsakiya ta zama sifiri, in kika cire biyun hagu ta zama uku."

Gwaggo ba ta yarda da ji ba sai ta gani. Ta ɗauko ashana ta jera tsinke bakwai a kan tebur, tana cirewa tana mayarwa, har ta fitar da lambobi goman duka.

"Ikon Allah! Shekara da shekaru ina kallon agogon gefen gadona, ashe 'yan sanduna bakwai ne ke mini wasan ɓuya. To me ya sa kike ta tsaki?"

Injiniya ta miƙa mata doguwar takarda. Ɗari biyu da arba'in da bakwai take so, amma biyu ta fito a sama, huɗu a ƙarƙashinta, bakwai can ƙasa.

"Sun ƙi jeruwa kafaɗa da kafaɗa," in ji ta.

"In abin ya sauka layi, yana iya komawa sama?"

"A'a, in ya sauka ya sauka ke nan."

Gwaggo ta yi dariya har shayin ya kusa zuba. "Ashe tafireta ce ta sake riga! Mu a zamaninmu, in shugaba yana son jadawali mai gidaje, ba a gama gida ɗaya sannan a fara na kusa da shi. Ki buga kawunansu duka a layi guda, ki sauko ki buga cikkunansu, sannan ƙafafu. Lamba ɗaya kuma, duk sirantarta, ki ba ta ɗaki daidai da na takwas, ki cike sauran da fili. In ba haka ba maƙwabtanta za su karkace."

Injiniya ta juya ta goge rabin abin da ta rubuta, ta sake shi yadda Gwaggo ta ce. Kafin shayin ya huce takarda ta fito, lambobi uku reras.

Gwaggo ta ja kujera. Ta ce a buga mata ɗari da sha ɗaya, aka buga. Ta ce sittin da takwas. Da ta karɓi wannan sai ta juya takardar, samanta ya koma ƙasa.

"Yanzu kuma tamanin da tara ce. In tsoho ya riƙe ta haka, wa zai raba faɗan?"

Injiniya ta dafe kai tana dariya. Suka yi shawara, aka ja dogon layi a ƙarƙashin lambar don a san ƙasa da sama.

Ranar Litinin Injiniya ta ɗora aikin a asibiti, mai gadi ya ce yau babu wanda ya roƙe shi ya karanta masa takarda. Da la'asar wayarta ta yi ƙara, Gwaggo ce daga cikin mota a hanyarta ta komawa gida.

"Mun tsaya shan mai, ga su nan a jikin famfo, su bakwai ɗin nan! Ke, na ce, suna iya rubuta haruffa kuwa?"

"Wasu suna yiwuwa, wasu ba sa yiwuwa."

"Waɗanne ne ba sa yiwuwa? Tsaya in nemo biro."