Masu Juya Fuska

Maeng Dusik yana durƙushe a baranda, rabin jikinsa cikin firijin da suke ajiye kimchi, jiƙaƙƙen kabejin nan mai yaji, yana zaro kwalabe yana jerawa a jaka. Matarsa na tsaye a kansa, hannu a ƙugu.

"Baban Haerin, wannan nishin fa? Giya za ka kai, ko kai za a kai asibiti?"

"Ke dai riƙe min bakin jakar."

"Mutum zai aurar da 'ya, amma har yau in Darakta Pyo ya kira waya sai ya miƙe tsaye yana rusuna wa bango. To kar ka manta, kakan ango zai same ku a ɗakin dafa giyarku in ya fito daga wurin likitan ido. Ya ce sai ya ɗanɗana abin da za a ba mutanensa."

Ba ƙarya ta yi ba. Darakta Pyo ne shugabansa a kamfanin inshora tun yana saurayi. Kamfanin ya daɗe da sallamar su ya manta da sunayensu, amma har yau wancan Darakta ne, shi kuma Mataimaki. Da gwiwoyin Darakta suka ƙi hawan dutse ranar Asabar, sai ya koma dafa giya. Nan take tsofaffin yaransa suka wayi gari su ma ashe tun tuni suna da wannan sha'awar. Suka kama ɗaki a ƙarƙashin wani bene a birnin Daejeon, suka cika shi da tukwane.

Giya dai tsiron sha'ir ce da ruwa da yisti. Abin da ke ba ta hali shi ne hop, ɗan koren furen nan da ake zubawa a tukunya don ɗaci da ƙamshi, kuma irinsa ya fi a ƙirga. Darakta iri ɗaya ya sani, Chinook, kuma da dantse yake zuba shi. In ka kurɓi giyarsa sai ka ji kamar maɗaciyar kifi ta fashe maka a baki. Ya ce haka maza ke sha.

Abin da ya ceci Dusik duk shekarun nan ladabi ne. Ƙarami ba ya shan giya yana kallon babba: ya riƙe kofi da hannu biyu, ya juya kai gefe, sannan ya kurɓa. Bangon ɗakin nan ya ga fuskokin da ko matar Dusik ba ta taɓa gani ba. In ya gama yamutsa ta sai ya gyara, ya juyo, ya ce, "Kai, Darakta, ta yau ta fi ta wancan makon."

A bara ne ya fara abin da matarsa ke kira cin amana. Ya dafa ruwan sha'ir ɗaya a gida, ya raba a ƙananan tuluna, kowanne da nasa hop. Citra ta yi masa kamar sabulun wanke kwano mai lemo. Wata ta Ingila ta yi warin tsohon kabad. Sai ya zo kan Saaz. Ɗacinta kaɗan ne, ƙamshinta irin na ciyawar da aka yanka a bayan gidan mahaifiyarsa. Ya zauna a ƙasan baranda, kofi a hannu, yana jin daɗi da baƙin ciki a haɗe. Sai da ya yi furfura sannan ya san abin da bakinsa ke so.

Matsalar ita ce bikin Haerin. Darakta ne zai tsaya gaban ango da amarya ya jagoranci ɗaurin auren, har an buga sunansa a katin gayyata an raba. Shi ya yanke cewa Mataimaki zai dafa giyar biki, ya kuma danƙa masa ƙunshin Chinook da hannunsa. Ƙunshin yana nan a ƙasan firiji, ko buɗe shi ba a yi ba. Yau ne ɗanɗano. Darakta kuwa mutum ne da ya taɓa fasa zuwa jana'iza don an sa sunansa a layi na biyu. In ya yi fushi, Haerin za ta tsaya gaban dangin miji babu kowa a kan mumbari.

A bas ya rungume jakar a cinya, kwalabe na ƙara a kowace kwana.

Ya tarar da Tak da Yun, abokan wahalarsa, suna kewaya sabon abu: wani tankin ƙarfe mai tsayin mutum, an goge shi yana sheƙi kamar madubi. An kafa shi a gefen teburi, daidai inda bangon nan mai rufin asiri yake.

"Mataimaki Maeng, ka makara," in ji Darakta. "Dubi wannan. Daga Jamus. Yanzu za mu riƙa dafa ninki uku."

"Ninki uku," Tak ya maimaita, muryarsa kamar mai karɓar sakamakon asibiti. "Mun ji daɗi."

"Mu fara da tawa, bakinku ya san ma'auni, sannan mu ga ta biki."

Darakta ya zuba musu. Suka karɓa da hannu biyu, suka juya kai. Dusik ya kurɓa, ya saki fuska yadda ya saba, ya buɗe ido. Sai ga hoton Tak a jikin tanki, baki a murɗe, hanci a tattare. Ga Yun a bayansa, ido ɗaya a rufe, harshe a waje. Su ma suna kallonsa. Ashe duk shekarun nan kowa yana zaton shi kaɗai ne ragon.

Suka juyo tare.

"Ta yau ta fi," in ji Yun.

"Nesa ba kusa ba," in ji Tak.

Darakta, wanda ba ya juya wa kowa kai, ya shanye nasa yana kallon su, fuska kamar dutse.

Ana haka aka ji ƙarar sanda na saukowa a matakala. Kaka Eom ne, kakan ango, tsohon masunci daga bakin teku, ido ɗaya a liƙe da auduga. Bai gama zama ba ya nuna Darakta da sanda.

"Kai, shekarar me aka haife ka?"

"Shekarar doki, Baba."

"Doki? Ƙanena na uku doki ne. Zuba min, yaro."

A ƙasarsu kowace shekara da sunan dabbarta, da shi ake gane babba da ƙarami. Ba wanda ya taɓa jin an kira Darakta yaro. Ya miƙe, ya riƙe kwalba da hannu biyu, ya zuba. Tsohon ya ɗaga kofi ya shanye a tashi ɗaya. Harshen da gishirin teku da taba suka gama da shi tuni, me Chinook za ta yi masa? Ya buga kofin a teburi.

"Yauwa! Tun da na shigo garin nan sai yanzu na ji wani abu a bakina. Miƙo kofinka."

Ya cika wa Darakta har baki. Babba ya zuba maka, ba ka da ta cewa. Darakta ya riƙe da hannu biyu, ya ɗan yi jim kamar mai tuna yadda ake yi, sannan ya juya kai wajen tanki.

Dusik ya gani da idonsa. Fuskar nan ta dutse ta narke, ta tattare, leɓe ya koma gefe, har da ɗan girgiza kai irin na yaron da aka ɗura wa magani. Sai Darakta ya buɗe ido, ya ga mutum uku a jikin ƙarfen Jamus suna kallonsa. Tausayi ya kama Dusik, haushi ya biyo baya. Su sun samu bango, shi kuwa bawan Allah duk shekarun nan a gaban jama'a yake haɗiye abinsa, don ya riga ya ce haka maza ke sha.

"Ƙara!" in ji Kaka Eom, ya sake cika masa. "Doki ba ya shan kofi ɗaya."

Bayan na uku, gumi ya tsattsafo wa Darakta. Da ƙyar ya ce, "Mataimaki, kawo ta biki."

Dusik ya buɗe kwalba, ya zuba wa tsohon, ya zuba wa Darakta. Ƙamshin ciyawa ya tashi. Ya ajiye kwalbar.

"Darakta, ban sa Chinook ba. Saaz na sa." Ya ɗago kai. "Ita nake so."

Tak ya dubi rufi. Yun ya shiga gyara igiyar takalmin da ba shi da igiya.

Kaka Eom ya kurɓa ya ture kofin. "Wannan ai shayin sha'ir ne. A ba mata. Ni a ajiye min ta dokin nan, duk abin da ya rage, zan tafi da ita gida."

Darakta ya ɗauki kofinsa. Ya juya kai ya kurɓa. Dusik bai so ya kalla ba, amma ya kalla. A jikin tanki ya ga idon Darakta a lumshe, kafaɗunsa sun sauka. Ya ga ya sake kurɓa, wadda ba ta cikin ladabi. Ya daɗe a haka kafin ya juyo, fuska ta koma dutse.

"Ruwan wankin shinkafa," ya ce. "Ba ƙashi, ba hali. Na koya maka, ka watsar."

Dusik ya sunkuyar da kai, yana hango Haerin a farar riga gaban mumbari babu kowa.

"Amma tunda Baba ya ce a ba mata, rabin zauren mata ne, a bar ta. Jawabina ma na riga na haddace." Ya tura kofinsa gaba da yatsa ɗaya. "Ka kawo min akwati guda gida, in bincika inda ka yi kuskure. Ƙara min nan ma, ban gama gano shi ba."

Dusik ya zuba da hannu biyu. Ya zuba wa Tak da Yun, Tak ya karɓi kwalbar ya zuba masa. Suka ɗaga kofuna, su huɗu suka juya kai wajen tanki, kowa na ƙoƙarin kada ya haɗa ido da kowa.

Darakta ya ajiye kofinsa babu ko ɗigo, ya share baki.

"Tak," ya ce, "gobe a matsar da tankin nan ƙuryar ɗaki. Yana ɗaukar ido."