Kifi da Kindirmon Baba Achuthan

"Me kuka ce, Baba?" in ji Thankam, kwanon kunun shinkafa a hannunta.

"Kifi da kindirmo," tsohon ya maimaita daga kan gadonsa. "Ki sa tsamiya sosai. Ko kunnenki ya toshe ne?"

Ta ajiye kwanon a hankali. Shekara arba'in Baba Achuthan yana ba da maganin gargajiya a ƙauyen, katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da nata, kuma babu wanda bai sha faɗansa ba. Zai kama wuyan hannunka da yatsu uku, ya lumshe ido, ya ce wuta ta yi maka yawa, ka bar barkono, ko majina ta cika ka, ka daina barcin rana. Kifi da nono kuwa, guba yake kiransu mai tafiyar hawainiya. Ita kanta tana amarya ya taɓa leƙowa ta katanga ya sa ta zubar da tukunya guda.

Amma tun da matarsa Janaki ta rasu bara, shi ya fara taka dokar kansa. Ba ya ci a kan lokaci, sai busasshiyar shinkafa a tsaye, ya yini yana yawo a bakin kogi. Fatarsa ta bushe kamar ɓawon kwakwa, gaɓoɓinsa suna ƙara in ya motsa.

"Iska ce ta yi mini yawa a jiki, ta ci ƙarfina, 'yar nan," ya ce. "Ni na buɗe mata ƙofa. Wanda ya haɗiye kuka, iska ya haɗiya."

"To ai kun san maganinta. Man shanu, abinci mai ɗumi, a shafa muku mai. Ɗanku yana hanya daga Dubai, jibi zai iso. In wani abu ya faru, me zan ce masa?"

Ya kamo yatsunta ya ɗora a kan jijiyar hannunsa. Abin da ta ji siriri ne, yana sulalewa kamar maciji cikin ciyawa. Ba ta ƙara maganar mai ba.

"Abincin gidan su Janaki ne, mutanen bakin teku," ya ce. "Shekara arba'in ina hana ta. Ina so in san abin da na hana ta."

Thankam ta koma madafarta. Sau biyu tana sauke tukunyar, sau biyu tana mayarwa. Sa'ad da ta dawo, ruwan damina ya sauko, tsakar gidan ya zama tafki, bishiyoyin kwakwa tsaye a ciki kamar masu wanka.

Loma uku ya ci. Ya daɗe yana juya ta ƙarshen a bakinsa.

"Ashe matar nan ta fi ni sani," ya ce, yana murmushi. Sai ya kalli waje. "Wa ya shigo da kwalekwale tsakar gidana?"

"Babu kowa, Baba. Ruwa ne."

"Ga Janaki can ta buɗe lema. Kullum sai ta jiƙa bakin zanenta." Ya gyara kwanciya. "Zan ɗan rintsa. Kada ki gaya wa mutane na yi barcin rana."

Bai sake buɗe ido ba, amma numfashin ya jira. Bayan kwana biyu ɗansa ya iso da jakarsa a kafaɗa, ya durƙusa ya riƙe ƙafafun uban, kafin hantsi ya ɗaga rai ya yi halinsa. Thankam ta faɗa masa abin da ta dafa. Ya tambaye ta ko Baba ya ci da daɗi.

Ranar sadakar mamaci, ɗan ya jera dunƙulen shinkafa a kan ganyen ayaba a bakin kogi, ya tafa jiƙaƙƙun hannuwansa yana kiran hankaka kamar yadda aka saba, don a wajensu mamacin ne ke zuwa a siffar hankaka ya ci. Thankam tana tsaye a baya cikin mata. An daɗe ana jira. Can wani hankaka ya sauko, ya zagaya ganyen, ya karkata kai ya duba shinkafar da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan, sannan ya sa baki.